Kasuwar Man Shafawa A Jimeta: Araha A Kanti, Tsada A Asibiti

YOLA — Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Jimeta da hantsi, ya bi ta layin masu kayan kwalliya sannan ya ɓulla wajen masu kemis, zai lura cewa haja ɗaya ce ta haɗa layukan biyu, wato man shafawa. Akwai na kwalba, akwai na gwangwani, akwai na ɗan bututu mai kama da na man goge baki, akwai kuma wanda ake haɗawa a gida a ɗura cikin roba, babu suna babu lamba.

Masu saye kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu neman hasken fata, abin da aka fi sani da bilicin. Kashi na biyu, waɗanda ba a cika yin maganarsu ba, marasa lafiya ne: uwa riƙe da ɗanta mai makero a ka, matuƙin keke mai kyasbi a wuya, almajiri mai ƙazwa a tsakanin yatsu, ko dattijo mai wani tabo a gadon baya wanda ya ƙi tafiya. Cinikin ba ya ɗaukar minti biyu. "Malam, a ba ni maganin ƙaiƙayi." "Hajiya, ga mai ƙarfi nan, a shafa safe da yamma." Da wuya a buɗe wurin a duba, da wuya kuma a tambayi tun yaushe abin ya soma.

Sau da yawa sinadaran da ke cikin kwalbar mai bilicin su ne dai ke cikin bututun da aka miƙa wa mai ƙaiƙayi. Idan aka dubi wannan kasuwa da idon tattalin arziki, za a ga haja ta wadata, masu saye sun wadata, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai dubi fata ya faɗi ainihin abin da ke damunta. Wannan ƙaranci shi ke mayar da ɗan kuɗin da aka biya a kanti ya zama somin-taɓin asara mai tsawo.

Nauyin Cutar Da Ba Ta Cika Kisa Ba

Saboda cututtukan fata ba su cika kashe mutum nan take ba, masu tsara kasafin kuɗin lafiya sun saba ajiye su a ƙarshen layi, bayan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da matsalolin haihuwa. Amma wani babban nazari kan nauyin cututtuka a duniya, wanda aka buga sakamakonsa a 2014, ya sanya cututtukan fata a matsayi na huɗu cikin abubuwan da ke hana mutane walwala da aiki ba tare da sun kashe su ba. A watan Mayun 2025, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani ƙuduri da ƙasar Kodebuwa ta jagoranta, wanda ya ayyana cututtukan fata a matsayin matsalar lafiyar jama'a da ya wajaba ƙasashe su ba ta muhimmanci.

Yanayin Yola da Jimeta yana taimaka wa waɗannan cututtuka. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, gumi ba ya bushewa a matse-matsin jiki, da damina kuma damshin kwarin Binuwai yana ƙara wa ƙwayoyin cuta dangin funfuna ƙarfi. Cunkoson da ya biyo bayan kwararowar 'yan gudun hijira daga Mubi da Michika da Madagali a 2014, da kuma ambaliyar 2022, ya tara mutane da yawa a ɗakuna ƙalilan, ga kuma makarantun kwana da tsangayu inda yara ke kwana kan tabarma ɗaya. A irin wannan zama ne ƙazwa da makero suke samun wurin yaɗuwa.

Abin Da Bincike Ya Gano Game Da Fata

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. Idan aka shimfiɗa ta babban mutum, faɗinta zai kusa murabba'in mita biyu. Ɓawonta na sama, wanda bai kai kaurin takardar kwali ba, yana sabunta kansa kusan kowane wata: ƙwayoyin halitta suna tsirowa daga ƙasa, su yi ta hawa sama, su mutu, su zube.

A can gindin wannan ɓawo akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman waɗanda aikinsu rini ne, masana na kiransu melanosait. Kimanin ɗaya ce cikin kowace goma a wannan shimfiɗa ta ƙasa. Suna sarrafa wani launi mai suna melanin, su rarraba shi ga maƙwabtansu. A 1963 wasu masana biyu, Fitzpatrick da Breathnach, suka nuna cewa kowace ƙwayar rini ɗaya tana ciyar da ƙwayoyin fata kimanin 36 da wannan launi, wanda ke taruwa kamar laima a kan cibiyar kowace ƙwaya don kare ta daga hasken rana mai ƙuna.

Bincike ya kuma tabbatar da cewa baƙin mutum da Bature kusan yawan ƙwayoyin rini ɗaya suke da shi. Bambancin yana ga yawan launin da suke sarrafawa da girman ƙullin da suke zuba shi a ciki. Wani awo da aka buga a Amurka a 1979 ya nuna cewa kariyar da ɓawon baƙar fata ke bayarwa daga hasken rana ta ninka ta farar fata kusan sau huɗu. Wanda ke son sanin darajar wannan kariya sai ya dubi halin da zabiya ke ciki a ƙasashe masu zafin rana, inda rashin melanin ke jefa da yawa daga cikinsu cikin sankarar fata tun suna da ƙuruciya. Ke nan baƙar fata jari ce da aka haifi mutum da ita, kuma wannan jari ne mai bilicin ke biyan kuɗi don a rushe.

Sinadarai Uku

Sinadarai uku ne ginshiƙin wannan kasuwa. Na farko shi ne haidirokwinon, wanda ke toshe aikin wani sinadarin jiki mai suna tairosines, wanda idan babu shi ƙwayar rini ba ta iya yin launi. Likitoci suna amfani da shi na ɗan lokaci kan tabo ƙayyadadde. Amma a 1975 wani likitan fata a Afirka ta Kudu, Findlay, tare da abokan aikinsa, suka bayyana abin da ke samun waɗanda suka shekara da shekaru suna shafa shi: kumatu da goshi da wuya su yi baƙi ƙirin mai ratsin shuɗi, fatar ta yi kaushi, kuma wannan tabo yana da wuyar magani ƙwarai.

Na biyu ita ce zaiba, wadda wasu ke kira makyuri. Ita ma tana hana yin launi, amma tana ratsa fata ta shiga jini. Tun a 1972 likitoci a Nairobi ta ƙasar Kenya suka lura cewa da yawa daga cikin matan da ake kawowa da wata cutar ƙoda mai kumbura jiki masu shafa mai ne da ke ɗauke da zaiba. Tana illa ga jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan tayi a ciki da jariri ta hanyar nono.

Na uku, wanda ya fi shafar marasa lafiya, shi ne sitiroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametason. Magani ne na gaske mai amfani a hannun likita, domin yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi cikin kwanaki. Sai dai ƙarfin kilobetasol ya ninka na sitiroyid mai sauƙi sau ɗaruruwa, shi ya sa ƙa'idar masu yin sa ta ce kada a wuce giram 50 a mako, kada kuma a zarce makonni biyu a jere. Wanda ya mayar da shi man shafawar yau da kullum, fatarsa za ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta tsattsaga cinya da hammata, ƙuraje su feso, rauni ya daina warkewa da wuri. Idan ya ratsa cikin jini da yawa yakan jawo hawan jini da ciwon sukari. Wani nazari da aka yi kan mata masu bilicin a Dakar ta ƙasar Senegal, aka buga a 2003, ya nuna cewa makero da ƙazwa da ƙuraje suna cikin manyan abubuwan da ke kai su asibiti, kuma cutar kan zo musu da tsanani fiye da yadda aka saba gani.

Ta fuskar ciniki, waɗannan sinadarai suna da wata siffa da kowane ɗan kasuwa zai yi sha'awa: wanda ya fara da wuya ya daina. Da zarar an ajiye man, ƙwayoyin rini sukan farfaɗo, baƙi ya dawo a rarrabe, ƙaiƙayi ya taso fiye da na farko, sai mai shafawa ya koma kanti. Kamfanonin nazarin kasuwa sun ƙiyasta cinikin kayan hasken fata a duniya a kan dala biliyan 8 a shekarar 2020. A Nijeriya an saba ambaton cewa kashi 77 cikin 100 na mata suna amfani da irin waɗannan kaya, adadin da ya yaɗu daga wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011. Ya kamata mai karatu ya sani cewa tushen adadin wani bincike ne da aka yi kan 'yan kasuwar Legas aka buga a 2002, saboda haka bai dace a ɗora shi kai tsaye a kan matan Yola ko Ganye ko Numan ba. Duk da haka, yawan rumfunan da ke rayuwa da wannan haja a Jimeta ya isa shaida cewa masu saye ba kaɗan ba ne, kuma har da maza a cikinsu.

Me Ya Sa Ake Fifita Kanti?

Kuskure ne a ɗauka cewa jahilci kaɗai ke kai mutane kanti. Lissafi ne suke yi, kuma a kan abin da suke iya gani, lissafin nasu yana da hujja. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Mai zuwa asibiti zai biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya yi jiran layi, wataƙila a tura shi awo, sannan ya sayi magani, ga yinin aiki da ya salwanta. Mai zuwa kemis kuwa kuɗin bututu ɗaya kawai zai biya, wani lokaci ma a ba shi bashi.

Abubuwan da suka faru tun daga 2023 sun ƙara faɗaɗa wannan tazara. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na wannan shekara, kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yuni aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Kamfanin GSK ya ba da sanarwar rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar nan a watan Agustan 2023, kamfanin Sanofi ma ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ko da yake Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da kayan haɗa magunguna a tsakiyar 2024, ta kuma mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, ingantaccen magani ya riga ya yi wa talaka nisa.

Ga kuma ƙarancin ƙwararru. Likitocin fata a Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane irin su Legas da Abuja da Ibadan da Inugu da Kano. Jihar Adamawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan uku a ƙananan hukumomi 21, manyan asibitocinta na ƙwararru suna babban birnin jiha ne, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da kuma Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jimeta. Manomi daga Toungo ko Madagali ba zai yi wannan doguwar tafiya saboda ƙaiƙayi ba.

A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar da mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau. Ya ba da misali da kasuwar tsofaffin motoci, inda lalatattu ke korar lafiyayyu. Haka abin yake a nan. Maganin makero na gaskiya yana bukatar makonni kafin a ga tasirinsa, na kan yaro ma sai an haɗa da na sha. Man da aka cakuɗa da sitiroyid kuwa cikin kwana uku zai kwantar da ƙaiƙayi. Mai saye zai yaba wa na biyu, ya tallata shi ga maƙwabta, mai kemis kuma ya ƙaro shi daga dila. Sannu a hankali maganin gaskiya ya rasa wuri a kan kanta.

Gyaran Gangar Auzinawa

Abin da aka fi sayarwa ga marasa lafiya shi ne man nan mai haɗi uku: sitiroyid, da maganin funfuna, da maganin bakteriya, duk a bututu ɗaya. Ana son sa ne domin yana ɗauke wa mai sayarwa wahalar gane cuta. Illarsa ita ce sitiroyid yana kwantar da garkuwar fata, ƙwayar cutar ta sami sarari. Makero ya rasa da'irarsa da aka san shi da ita, ya bazu, har likita ma ya sha wuya kafin ya gane shi. Likitocin Ingila sun bayyana wannan ɓad-da-kama tun a 1968.

Ƙasar Indiya ta ɗanɗani ƙarshen wannan hanya. Bayan shekaru ana sayar da irin wannan haɗi barkatai, sai wani nau'in makero ya ɓulla wanda ba ya jin tabinafin, maganin da aka fi dogara da shi. A 2020 masana suka raɗa masa suna na kansa, kuma tuni ya isa Turai da Amurka. Cutar da a da ake warkar da ita da kuɗi kaɗan ta koma mai cin watanni da magunguna masu tsada.

Haka ƙazwa take. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata ya yi ƙwai. Mutane kimanin miliyan 200 ke fama da ita a kowane lokaci a duniya, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Sitiroyid yana rage susa, ƙwaron kuma ya ci gaba da hayayyafa. Maganinta shi ne a yi wa dukkan mutanen gida a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa. Wani gwaji a tsibiran Fiji da aka buga a 2015 ya nuna cewa raba ƙwayar aibamektin ga al'umma baki ɗaya ya rage ƙazwa da kashi 94 cikin 100 a shekara guda. Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan Adamawa da Taraba, domin ita ce Mectizan da ake rabawa kyauta don yaƙi da makantar bakin kogi.

Darasin Garkida

Asara mafi girma tana ga dattijon nan mai tabo a gadon baya. Kuturta takan fara ne da ɗan fili a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, kuma ba ya jin taɓi. Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen na ƙasar Nowe ya gano a 1873, takan yi kimanin shekara biyar a jiki, wani lokaci har ashirin, kafin ta bayyana. Duk watan da aka ɓata ana shafa mai a kan wannan tabo, ƙwayar tana cin jijiyoyin hannu da ƙafa da ido. Idan jijiya ta mutu, manomi ba ya jin ƙaya, mai girki ba ta jin wuta, daga nan gyambo ya biyo baya, yatsu su salwanta. Gidan da ke da mai nema ya koma gidan da ke da mai jinya.

Adamawa ta daɗe da sanin wannan cuta. A 1923 'yan mishan na Cocin 'Yan'uwa, Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka a Garkida, a ƙaramar hukumar Gombi ta yanzu, kuma a 1929 aka buɗe wurin jinyar kutare a can. Likita Roy Pfaltzgraff, wanda ya shugabanci wurin daga 1954 zuwa 1982, ya mayar da shi cibiyar horar da ma'aikata, ya kuma haɗu da Anthony Bryceson suka rubuta littafin koyar da ilmin kuturta da aka yi amfani da shi a ƙasashe da dama. A yau wurin asibitin cututtukan fata ne. Nijeriya ta ba da gudummawa ga magungunan kansu: a Uzuakoli da ke Jihar Abiya ta yanzu aka yi muhimman gwaje-gwajen farko na ƙwayar dafson ta sha, a can ne kuma Stanley Browne ya gwada kilofazimin a farkon shekarun 1960.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa rifamfisin da dafson da kilofazimin, haɗin da a yanzu ake sha wata shida ko wata goma sha biyu gwargwadon nauyin cutar. Tun 1995 ake ba da wannan haɗi kyauta a duk duniya, kuma tun 2000 kamfanin Novartis ke ɗaukar nauyinsa. A 1998 Nijeriya ta cimma mizanin ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000. Wannan mizani ya sa wasu suka zaci an gama da cutar, alhali har yanzu ana samun sababbin masu ɗauke da ita kimanin 2,000 a kowace shekara a ƙasar nan. An kuma ga raunin tsarin lokacin da sababbin ƙa'idojin shigo da magani suka tsayar da haɗin kusan shekara guda, bai iso ba sai a watan Maris na 2025.

Abin lura a nan shi ne gwajin farko na kuturta ba ya bukatar na'ura. Ɗan ƙullin auduga ne ake taɓa tabon da shi bayan mutum ya rufe ido. Magani kyauta ne, gwaji kusan kyauta ne. Abin da ke raba marar lafiya da su shi ne mutum na farko da ya nuna wa tabon bai san ya yi wannan gwaji ba.

Doka Da Iyakarta

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma ƙayyade haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A watan Fabrairun 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Afirka ta Kudu ta haramta haidirokwinon a kayan kwalliya tun 1990, Kodebuwa ta yi nata haramcin a 2015, Gana a 2016, Kamaru kuma, maƙwabciyar Adamawa, a watan Agustan 2022. Ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya, sun amince a 2023 cewa daga ƙarshen 2025 kada a sake yin ko shigo da kayan kwalliya masu zaiba komai ƙanƙantarta.

An kuma taɓa manyan dilolin magani. A 2024 aka tilasta wa masu sayar da magani na Sabon Garin Kano komawa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, a watan Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Anaca da Aba da Idumota na wani lokaci don bincike. Tun da 'yan kasuwar Jimeta da dama daga irin waɗannan wurare suke saro kaya, tsaftace tushen zai yi amfani. Sai dai doka tana iya kama kwalba mai suna da lamba, amma haɗin da aka dama a ɗaki ake tallatawa ta WhatsApp da TikTok ya fi ƙarfin sumame. Haka kuma kame ba ya amsa tambayar uwar yaro mai makero, wadda gobe ma za ta fito neman magani.

Horo Na Yini Ɗaya

Amsa mafi sauƙin kuɗi ta fito ne daga ƙasar Mali. Likita Antoine Mahé da abokan aikinsa a Bamako sun lura cewa cututtuka ƙalilan ne ke kai akasarin mutane ɗakin shan magani: miki mai ruwa, ƙazwa, makero, borin fata, sai kuma tabon da ake zargin kuturta ce. Suka tsara taswira mai sauƙi ta tambaya da amsa, suka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko kimanin 400, kowane rukuni yini ɗaya tak. Sakamakon da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2005 ya nuna cewa yawan marasa lafiyar da aka gane cutarsu aka ba su maganin da ya dace ya tashi daga kashi 42 zuwa kashi 81 cikin 100, kuɗin maganin da ake rubuta musu kuma ya ragu da kashi 25 cikin 100.

An gwada irin wannan taswira a Jihar Kano da masu kemis da masu maganin gargajiya, kuma rahoton da aka buga a 2015 ya nuna cewa bayan horo sun iya gane akasarin cututtukan da aka kawo musu. A Tanzaniya ma, cibiyar horarwa ta garin Moshi tun 1992 take yaye jami'an lafiya masu matsakaicin matsayi daga ƙasashen Afirka don cike gurbin likitocin fata.

Adamawa tana da kusan duk abin da ake bukata don bin wannan hanya. Tana da asibitin Garkida da gogewarsa ta kusan shekara ɗari, tana da asibitin koyarwa a Yola, tana da kwalejojin horar da ma'aikatan jinya da na lafiya, tana da hukumar inshorar lafiya ta jiha, ga kuma kason da take samu daga asusun kiwon lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada. Masu kemis suna da ƙungiya, kuma Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ce ke sabunta musu lasisi, saboda haka ba abu ne mai wuya ba a sanya horon yini ɗaya cikin sharuɗɗan sabuntawa. Gidajen rediyon Yola suna da masu sauraro da Hausa da Fulatanci waɗanda za a iya gaya musu abu ɗaya mai sauƙin riƙewa: tabon da ba ya jin taɓi na asibiti ne, kuma maganinsa kyauta ne.

Wasu masu kemis za su yi fargabar raguwar ciniki, domin man haɗi uku yana cikin hajar da ke saurin fita. Wannan fargaba tana da tushe, kuma duk tsarin da ya yi biris da ita zai gamu da turjiya. Amma maganin makero da na ƙazwa na gaskiya su ma haja ce mai riba, kuma mai kantin da maganinsa ke warkarwa yana riƙe abokan cinikinsa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da jihar za ta kashe wajen horar da masu kemis da ma'aikatan ɗakunan shan magani ana iya lissafa shi a takarda ɗaya. Kuɗin wankin ƙoda, da jinyar gyambo, da hannayen manoma da suka daina riƙe fartanya, iyalai ne ke biyansa a ɓoye, shi ya sa ba ya fitowa a kasafin kuɗi. Ya rage ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da Majalisar Dokoki su auna waɗannan lissafai biyu idan lokacin tsara kasafi ya zo.